Taurarin Fina-finan Zane a Cikin Salon Gotik: Waiwaye a Kan Tarihinsa

1.0 Gabatarwa

A cikin shekaru ashirin na farkon wannan ƙarni wata al'ada ta yaɗu tsakanin masu zane na Turai da Amurka, watau ɗaukar taurarin fina-finan zane waɗanda yara suka saba da su, musamman na kamfanin Walt Disney, a sake zana su da kama mai ban tsoro. Sai a ga gimbiyar da aka sani da fara'a da jan kumatu ta koma fara fat kamar gawa, idanunta sun zurma, tufafinta sun yayyage, tana tsaye a bakin maƙabarta ko cikin kangon fada. Wannan salo shi ake kira Gotik. Ra'ayin mutane game da shi ya rabu biyu. Wasu suna ganin ɓarna ce da neman suna, a ɗauki abin da aka yi domin yara a shafa masa baƙi. Wasu kuwa suna cewa gyara ne, domin a ganinsu Disney ne ya fara ɓata tatsuniyoyin Turai da ya tace musu ɗaci, masu zanen nan kuwa mayar da su suka yi ga asalinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin al'amarin ta fuskar tarihi, tun daga asalin kalmar Gotik har zuwa shekarar 2024. Za a nuna cewa kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya ya saki wani. Har ila yau za a ga cewa tambayoyi biyu ne ke ƙarƙashin wannan jayayya, kuma sun girmi fim nesa ba kusa ba: wane ne ke da ikon yanke kamannin tauraron tatsuniya, kuma wane gwargwadon tsoro ne ya dace a nuna wa yaro.

2.0 Asalin Kalmar Gotik

Kalmar ta samo asali ne daga sunan wata ƙabila ta Jamusawan dā da ake kira Got, waɗanda wani reshensu ya ci birnin Rum da yaƙi cikin shekarar 410 a ƙarƙashin sarkinsu Alarik. Amma ginin da ake kira Gotik ba su suka ƙirƙiro shi ba. A Faransa ya ɓulla cikin ƙarni na 12, kuma akan kafa misali da majami'ar Saint-Denis kusa da birnin Faris, wadda aka buɗe sabon sashenta cikin 1144. Alamominsa su ne bakan gizo mai tsini, da dogayen ginshiƙai, da manyan tagogi masu gilashi kala-kala. Abin lura shi ne maginan sun ɓullo da wannan fasaha ne domin haske ya wadata a cikin ɗaki. Marubutan Italiya na ƙarni na 16, irin su Giorgio Vasari, su ne suka laƙaba wa ginin sunan Got don raini, suna nufin aikin jahilai ne waɗanda suka rushe wayewar Rum.

Ma'anar duhu ta shigo ne cikin ƙarni na 18 a Ingila, lokacin da gidajen ibada da dama na wancan zamani suka riga suka zama kango. Horace Walpole ya wallafa The Castle of Otranto cikin 1764, a bugu na biyu kuma, cikin 1765, ya kira shi labarin Gotik. Daga nan kayan aikin wannan adabi suka tabbata: tsohuwar fada, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da fatalwa, da budurwar da azzalumi ke farauta, da laifin kakanni wanda ke bin jikoki. Frankenstein na Mary Shelley na 1818, da gajerun labaran Edgar Allan Poe, da Dracula na Bram Stoker na 1897 duk a wannan turba suke. Jigon da ya haɗa su shi ne komowar abin da aka binne, ko gawa ce, ko asiri, ko zalunci. Wannan jigo shi ne mabuɗin fahimtar zane-zanen da ake magana a kansu.

3.0 Tatsuniyoyin Kafin Zuwan Fim

Yawancin taurarin nan ba Disney ne ya ƙago su ba. Sun fito ne daga littafin Charles Perrault na Faransa na 1697, da tarin tatsuniyoyin 'yan'uwa biyu Jacob da Wilhelm Grimm na Jamus, wanda juzu'insa na farko ya fito cikin 1812, na biyu cikin 1815, da labaran Hans Christian Andersen na Denmak, da Pinocchio na Carlo Collodi na Italiya, wanda ya zama littafi cikin 1883.

Babu shakka akwai ɗaci a cikinsu. A bugun farko na Grimm, uwar da ta haifi Snow White ita ce ta yi kishin kyanta, ta umarci maharbi ya kashe ta ya kawo huhunta da hantarta don ta ci. A ƙarshe an sanya wa uwar takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa da su har ta faɗi matacciya. A Cinderella ta Grimm, ɗaya daga cikin 'ya'yan matar uba ta yanke yatsan ƙafarta, ɗayar ta yanke dunduniyarta, domin takalmi ya shige su. 'Yar ruwa ta Andersen, ta 1837, mayya ce ta yanke mata harshe, kowane taku tana jin kamar a kan wuƙa take tafiya, kuma duk da haka yariman wata ya aura. Shi kuwa Pinocchio, guduma ya jefa wa gyaren da ke yi masa nasiha ya kashe shi, kuma labarin da aka fara bugawa a wata jaridar yara cikin 1881 ya tsaya ne a inda aka rataye shi a itace, sai daga baya aka sa marubucin ya ci gaba.

Amma fa a nan ne hujjar masu cewa an koma asali ta fara samun tangarɗa. Na farko, rubutattun labaran ba su da baki ɗaya. A Cinderella ta Perrault babu yankan ƙafa ko kaɗan, yafe wa 'yan'uwanta ta yi har ta aurar da su ga manyan fada, kuma wannan siga ce Disney ya bi a fim ɗinsa na 1950. Na biyu, su kansu 'yan'uwan Grimm sun yi ta gyara littafinsu har bugu bakwai, na ƙarshe cikin 1857. A bugun 1819 suka mayar da muguwar uwa matar uba, suka goge alamar cikin da Rapunzel ta yi ba aure, amma kuma a wannan bugu ne suka ƙara cewa tantabaru sun tsone idanun 'yan'uwan Cinderella ranar biki. Maria Tatar ta nuna cikin littafinta na 1987 cewa abin da ya shafi jima'i shi suka fi cirewa, azabar da ake yi wa mugu kuwa wani lokaci ƙara ta suka yi, domin ta zama wa'azi ga yara. Na uku, da yawa daga cikin waɗanda suka ba su labaran mata ne masu ilimi na gidajen rufin asiri a birnin Kassel, wasunsu ma zuriyar Faransawa ne da suka san Perrault. Saboda haka babu wata siga guda da za a nuna a ce ita ce asali.

4.0 Masu Zanen Littattafai

Tatsuniyoyin Grimm sun shiga Ingila ne da raha. Fassarar Edgar Taylor ta 1823 ta fito da zane-zanen George Cruikshank, waɗanda ban dariya ya fi yawa a cikinsu. Wanda ya kawo duhu sosai shi ne Gustave Doré na Faransa, wanda ya yi wa littafin Perrault hotuna cikin 1862, shekara guda bayan ya zana jahannama ta Dante. Ana sassaƙa zanensa ne a kan katako da sirara-siraran layuka, abin da ya ba shi damar tara baƙi mai kauri. Yakan zana daji da gangar itatuwa manya-manya, mutum a gindinsu ɗan ƙanƙane kamar tururuwa. A cikin hotunan akwai na Dodo ya ɗora wuƙa a wuyan 'ya'yansa mata suna barci, da na yarinya mai jar hula kwance a gado ɗaya da kyarkeci.

Bayan Doré sai Arthur Rackham na Ingila, wanda ya zana Grimm cikin 1900, ya faɗaɗa aikin cikin 1909 da hotuna 40 masu launi. Shi ne ya shahara da itatuwa masu fuska da saiwoyi kamar yatsun tsohuwa, yana jan layi da tawada sannan ya wanke shi da ruwan ƙasa-ƙasa da toka-toka. Wani abu da ya faru da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Cikin 1907 haƙƙin mallakar Alice's Adventures in Wonderland ya ƙare a Ingila, nan da nan kamfanonin ɗab'i da dama suka fito da littafin da sababbin hotuna, ciki har da na Rackham. Wasu masu sharhi suka zarge shi da karambani, don a wurinsu kamannin Alice su ne waɗanda John Tenniel ya zana cikin 1865. Watau jayayyar yau ta riga ta auku, kuma ƙarewar haƙƙin mallaka ce ta buɗe mata ƙofa. Kay Nielsen ɗan Denmak da littafinsa na 1914, da Harry Clarke ɗan Ailan wanda ya zana labaran Poe cikin 1919, su ne suka kai salon ga dogayen jikkuna sirara da fuskoki marasa jini. Yaƙin Duniya na Farko ya karya kasuwar irin waɗannan littattafai masu tsada.

5.0 Abin da Disney Ya Ɗauka da Abin da Ya Bari

Masu cewa Disney bai san duhu ba sun manta da tarihin kamfanin. Fim na farko a jerin Silly Symphonies, na 1929, rawar ƙwarangwal ce a maƙabarta da tsakar dare. Cikin 1935 Walt Disney ya yi tafiya zuwa Turai ya komo da littattafai masu hotuna fiye da 300 domin ma'aikatansa su yi nazari. Ya kuma ɗauki masu zane da suka taso a cikin wannan gado: Albert Hurter ɗan Suwizalan, da Gustaf Tenggren ɗan Suwidin, da shi kansa Kay Nielsen. Masana irin su Robin Allan, a littafinsa na 1999, sun nuna tasirin waɗannan littattafai da na fina-finan Jamus masu wasa da inuwa, irin su The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 da Nosferatu na 1922.

An fara nuna Snow White and the Seven Dwarfs ranar 21 ga Disamba, 1937. A cikinsa yarinyar tana gudu cikin daji rassan itatuwa suna kama tufafinta kamar hannaye, gungumen itace a ruwa suna rikiɗa kadoji. Sarauniya tana sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta wuce ƙwarangwal ɗin wani fursuna da ya mutu yana miƙa hannu ga butar ruwa. Hukumar tace fina-finai ta Ingila ta ga abin ya yi tsanani, ta ba shi shaidar da ke neman babba ya raka yaro. A Pinocchio na 1940 yara suna rikiɗa jakuna, kuma ba a nuna an cece su ba. A Fantasia, na wannan shekara, akwai sashen taron aljannu a kan dutse, wanda zanen Nielsen ne tushensa.

To, mene ne Disney ya canza? Abu na farko, ya raba duhu da haske ya ba kowanne mazauni. Duhu ya koma ga mugu da fadarsa da daji, fuskar tauraruwa kuwa ta kasance tsaf ba tabo. Na biyu, ya sauya ƙarshen labari. Babu takalman wuta. Mayyar faɗowa take yi daga kan dutse bayan tsawa ta fasa inda take tsaye, hannun mutanen kirki bai taɓa jini ba. Na uku, ya gina taurarinsa a kan siffar jariri. Konrad Lorenz ya bayyana cikin 1943 cewa babban kai da manyan idanu da kumatu zagayayyu suna motsa tausayi a zuciyar mutum, Stephen Jay Gould kuma ya auna zanen Mickey Mouse cikin 1979 ya nuna yadda kansa da idanunsa suka yi ta ƙara girma cikin shekaru 50. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ya tsayar wa kowane tauraro kama guda. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yaron da ya ga Snow White da shuɗiyar riga da siket rawaya ba zai ƙara iya ƙirƙiro mata wata kama a zuciyarsa ba. A kan wannan ne Frances Clarke Sayers ta soki kamfanin cikin 1965, Richard Schickel cikin 1968, sannan Jack Zipes a shekarun 1990.

Al'amarin ya ƙara tsananta wajen shekarar 2000, sa'ad da kamfanin ya tattara gimbiyoyinsa ƙarƙashin tambarin ciniki guda, Disney Princess. Aka cire su daga labaransu gaba ɗaya, aka bar murmushi da doguwar riga a kan jakar makaranta da kofin shayi. Wannan hoto na kasuwa shi ne masu zanen Gotik suka fi mayar wa martani, fiye da fina-finan kansu.

6.0 Masu Bore, 1967 Zuwa 1993

Walt Disney ya rasu cikin Disamba 1966. A shekarar da ta biyo baya mujallar The Realist ta buga wani zanen Wally Wood da ya nuna taurarin kamfanin suna aikata masha'a. Cikin 1971 wasu masu zane a ƙarƙashin jagorancin Dan O'Neill suka fito da mujallar Air Pirates a kan irin wannan turba. Kamfanin ya kai su ƙara, kuma cikin 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sun kwaikwayi taurarin fiye da yadda zambo yake bukata. Waɗannan ayyuka zambo ne da batsa, ba su cika sharuɗɗan Gotik ba, amma hukuncin ya shata iyakar da masu zane suka daɗe suna tsoron ƙetarewa.

A gefe guda kuma wani salo yana ta girma, na haɗa ƙuruciya da mutuwa cikin raha mai sanyi. Charles Addams ya fara zana iyalinsa masu son maƙabarta a mujallar The New Yorker cikin 1938. Edward Gorey ya fito da The Gashlycrumb Tinies cikin 1963, littafin abacada ne wanda kowane harafi yake da yaro guda, su 26, kowanne da irin mutuwarsa. A fagen rubutu Anne Sexton cikin 1971 da Angela Carter cikin 1979 sun sake saƙa tatsuniyoyin domin manya, Bruno Bettelheim kuma ya kafa hujja cikin 1976 cewa tsoron da ke cikin tatsuniya yana taimakon yaro ya fuskanci na cikin zuciyarsa. A ƙarshen shekarun 1970 ne kuma matasan Ingila suka ɓullo da kiɗa da shiga ta baƙaƙen kaya da suke kira got.

Mutumin da ya haɗa waɗannan igiyoyi ɗan gida ne. An haifi Tim Burton cikin 1958 a Burbank, garin da ma'aikatar Disney take, ya yi karatu a makarantar fasaha da kamfanin ya taimaka wajen kafawa, ya kuma yi aiki a fim ɗin The Fox and the Hound na 1981. Hannunsa bai dace da zagayayyen zanen gidan ba. Cikin 1982 ya yi Vincent, ɗan gajeren fim baƙi da fari na minti shida, game da yaro mai mafarkin zama tauraron fina-finan tsoro. Cikin 1984 ya yi Frankenweenie, labarin yaron da ya tayar da mataccen karensa, daga nan suka rabu da kamfanin. Shekara guda bayan haka kamfanin ya gwada duhu da kansa a The Black Cauldron, aka yanke wasu sassansa kafin a sake shi, kuma bai mayar da kuɗinsa ba. Ko da The Nightmare Before Christmas ya fito cikin 1993, wanda Henry Selick ya shirya bisa labari da zanen Burton, sai aka sake shi da sunan reshen kamfanin mai suna Touchstone, don gudun kada ya ɓata sunan Disney a wurin iyaye.

7.0 Zamanin Intanet da Yadda Salon Yake Aiki

Kafin intanet, mai zane yana bukatar maɗaba'a, maɗaba'a kuwa tana tsoron shari'a. Buɗe dandalin DeviantArt cikin 2000, da ire-irensa daga baya, ya sa kowa yana iya baje zanensa ga duniya ba tare da ya sayar ba. A wannan shekara ne wasan kwamfuta na American McGee's Alice ya nuna Alice a gidan mahaukata bayan gobara ta cinye iyayenta. Jeffrey Thomas ya fito da jerin Twisted Princess cikin 2009. Camille Rose Garcia, wadda ta girma a kusa da filin wasa na Disneyland, ta zana Alice cikin 2010 da Snow White cikin 2012, da baƙin kwalli yana zuba daga idanu. Andrew Tarusov, haifaffen Rasha, ya shahara a tsakiyar shekarun 2010 da sake zana fina-finan Disney kamar Burton ne ya yi su. Cikin 2015 Banksy ya buɗe Dismaland a garin Weston-super-Mare na Ingila, inda aka ga keken dokin Cinderella ya kife, tana rataye ta taga, masu ɗaukar hoto na jaridu sun yi mata zobe, abin da ya tuna wa mutane mutuwar Gimbiya Diana ta 1997.

Idan aka ƙyallara ido a kan waɗannan ayyuka za a ga dabara ɗaya ce. Mai zane yakan riƙe alamomin da ake gane tauraro da su, watau launin riga, da yanayin gashi, da wani abu da yake riƙewa kamar tuffa ko takalmin gilashi. Sannan ya juya duk sauran. Manyan idanun jariri ba a rage su, sai dai a ƙanƙanta ƙwayar ido a zagaye shi da baƙi, tausayi ya koma firgita. Zagayayyen jiki ya miƙe ya rame. Launuka masu haske su koma toka da baƙi, a bar ja guda ɗaya. Layi mai santsi ya koma karce-karce irin na Doré da Gorey. A ƙarshe a ɗauke tauraruwar daga lambu a ajiye ta a mazaunin da Disney ya keɓe wa mugu. Sigmund Freud ya yi bayani cikin 1919 cewa abin da aka sani ya rikiɗe ya fi baƙon abu tayar da hankali, kuma a kan wannan ne salon ya dogara.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na ɗaya, zanen ba ya aiki sai ga wanda ya riga ya san fim ɗin. Wanda bai taɓa ganin Snow White ta 1937 ba, wata ramammiyar yarinya kawai zai gani. Ashe ke nan boren shaida ne a kan ƙarfin wanda ake yi wa. Na biyu, akwai ma'aunin rarrabe mai kyau da maras kyau. Zane mai kyau yakan tono wani abu da ke binne a labarin tun can, kamar kaɗaicin yarinyar da aka kulle a hasumiya ko hasarar wadda ta ba da muryarta saboda namiji. Maras kyau jini kawai yake ƙarawa.

8.0 Kasuwa da Shari'a

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kamfanin da ya rabu da Burton cikin 1984 shi ne ya ba shi Alice in Wonderland na 2010, wanda ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, ya kuma bar shi ya sake yin Frankenweenie cikin 2012. Baje kolin zane-zanensa a gidan adana kayan fasahar zamani na Niyok, daga 2009 zuwa 2010, ya jawo mutane fiye da 800,000. Cikin 2014 fim ɗin Maleficent ya mayar da muguwar Sleeping Beauty tauraruwa. Cikin 2015 kamfanin ya fara wallafa jerin littattafai mai suna A Twisted Tale, cikin 2020 aka fito da wasan Twisted Wonderland a Japan bisa miyagun fina-finansa, cikin 2021 kuma Cruella ya biyo baya. Abin da ya fara a matsayin tawaye ya zama reshen ciniki.

Ta fuskar shari'a, dokar Amurka ta 1998 ta tsawaita haƙƙin mallakar irin waɗannan tsofaffin ayyuka zuwa shekara 95, amma wa'adin ya soma cika. Littafin Winnie-the-Pooh na A. A. Milne na 1926 ya zama na kowa a Amurka ranar 1 ga Janairu, 2022, kuma cikin 2023 aka fito da fim ɗin kisa mai suna Winnie-the-Pooh: Blood and Honey. Masu sharhi sun yi tir da shi, amma ya ci riba ninkin-ba-ninkin. Steamboat Willie na 1928 ya biyo baya ranar 1 ga Janairu, 2024, cikin 'yan kwanaki aka ba da sanarwar fina-finai da wasannin tsoro da ɓeran a ciki. A 2024 siffar 1928 kaɗai ce ta kuɓuta, siffofin baya da tambarin ciniki suka ci gaba da zama a hannun kamfanin. Abin da ya faru da Alice cikin 1907 ya maimaita kansa, sai dai a wancan karo Rackham aka samu.

9.0 Kammalawa

An ga cewa sake zana taurarin fina-finan yara cikin salon Gotik yana da saiwa a ayyukan Doré da Rackham da Nielsen, waɗanda Disney kansa ya sha daga gare su, don haka kiransa ɓarnar zamani bai yi daidai da tarihi ba. An kuma ga cewa kiransa komawa asali kuskure ne, tun da Perrault da Grimm da Disney kowannensu gyara ya yi gwargwadon abin da zamaninsa ya yarda yaro ya ji ko ya gani, masu zanen yau kuma gyara na gaba suke yi, domin manyan da suka girma da fina-finan.

Wannan tarihi bai yi nisa da mai nazarin Hausa ba. A shekarar 1937, wadda Snow White ya fito a cikinta, aka buga littafi na farko na Magana Jari Ce, kuma tatsuniyoyin Grimm suna cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebo daga gare su ya yi musu shigar Hausa. Bugu da ƙari, tatsuniyar Hausa tana da nata duhun, na Dodo mai haɗiye mutane da kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, kuma muddin a baka take, kowane yaro shi yake ƙera wa Dodo fuska a zuciyarsa. Ranar da wani fim ɗin zane ya yi ƙarfin da zai tsayar wa Dodo ko Gizo kama guda, tambayoyin da aka faro da su za su taso a nan ma. Ya kamata masu nazari su riga wannan rana, su tattara sigogin tatsuniyoyin daga bakin masu yin su a garuruwa daban-daban, tare da kwatanta su da na tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 da na littattafan makaranta, domin a san abin da aka riga aka tace da abin da ya saura.